Injiniyan da ya gyara muna dekin da ya tsage a Mabera, ga yadda na ga aikinshi

Assalamu alaikum. Tun da anka gama aikin gidanmu maƙwabta da abokan aiki ke ta tambayata wa ya yi, nawa ya ci, kuma gyaran ya riƙe ko kuwa irin wanda anka saba ne na shafe-shafe. Na ƙi cewa komai sai da damina guda ta wuce a kan aikin, don ni a wurina ruwan sama ne alƙalin dekin, ba bakin mai gyara ba. To yanzu ta wuce, ga abin da na gani, mai daɗi da maras daɗi. Ba zan sa sunan injiniyan ko na ofishinsu ba don ban nemi izininshi ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi.

Gidan na mahaifinmu ne Allah ya jiƙanshi, a nan Mabera cikin garin Sakkwato, ya haura shekara 20 da ginawa. Dekin ya zuba a ɓangaren Inna da niyyar wata rana a ɗora bene, shi ya sa anka bar rodi tsaitsaye a kan kowace fila suna kallon sama, irin yadda za ka gani a gidaje da yawa daga Mabera har Arkilla da Dambuwa. Benen Allah bai nufa ba. Abin da anka ɗora kawai tankin ruwa ne, shi ma bututunshi ya daɗe yana ɗiga ba wanda ya kula, tunda ba kowa ke hawa saman ba sai yara in ƙwallo ta faɗa.

Abin ya fara da wani ɗan layi siriri a rufin ɗakin Inna, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, sai kuma wani jan tabo kamar an zubar da shayi a jikin fenti. Munka kira birkila ya zo ya ce ai filasta ce ta gaji, ya kankare ya shafe ya yi fenti, ɗaki ya yi kyau. Damina na zagayowa layin ya dawo daidai wurin, har da ɗan'uwanshi a gefe. Munka sake kiran wani, shi kuma ya ce na farkon bai sa siminti da yawa ba, ya ƙara kauri. Wallahi har yau in na tuna raina na ɓaci, don ashe duk wannan lokacin rufe ciwo muke yi shi kuma yana ci ta ciki, kuma tsohuwa na kwana a ƙarƙashi.

Wata asuba cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa, Inna ta aiko a kira ni. Ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana, tana ganina sai ta ce, "Kai, taho ka diba abin da yah hwaɗo." Wani ɓallin kankare ne ya kai faɗin tafin hannuna biyu, ya faɗo ko taku ɗaya babu tsakaninshi da dardumar da take salla. Na ɗauka na juya bayanshi sai ga shatin rodi kwance a jiki kamar kwalbati, ja-ja baƙi-baƙi, na ɗaga kai sama ga rodin nan tsirara yana kallona. A ranar munka kwashe kayanta zuwa ɗakin matata.

Wani abokina malami a Poli ta Umaru Ali Shinkafi shi ya ce in bar maganar birkila haka nan, in nemi injiniyan gini na gaske, ya haɗa ni da wanga bawan Allah. Ya kuma ce kada in ji kunyar tambayarshi lambar rajistar COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasar nan tun 1970, don a garin nan duk wanda ya sa hular kwano ya riƙe tef injiniya ake ce mishi. Na tambaya kuwa, bai ji haushi ba, ya nuna min hatiminshi. Kuɗin dubawa ya faɗa tun a waya, bai wuce kuɗin buhun siminti huɗu ba a lokacin, kuma ya ce wannan daban yake da kuɗin gyara, ko mun ba shi aikin ko ba mu ba shi ba. Da farko abin ya yi min nauyi, mutum ya zo ya duba kawai a biya shi? Amma bayan na ga irin dubawar ban sake wannan tunanin ba.

Ya zo da yaro ɗaya da 'yar jaka. Ya fara durƙusawa ya gaida Inna, "Inna ina kwana, ya jin tsoro, Allah ya tsare gaba," sannan ya nemi tsani. Abu na farko da ya fiddo ƙaramar guduma ce da alli. Ya bi rufin nan taku-taku yana ƙwanƙwasawa, inda yake lafiya sai ka ji ƙarar tsaf, kau kau, inda ya saki kuma sai ka ji fom fom kamar ana buga ƙwarya. Duk inda ya yi fom sai ya zagaye da alli. Ni da na zaci wuri ɗaya ne, kafin ya sauko rufin ɗakin ya cika da zane, har da wuraren da fentinsu ke sumul ko tsaga babu. Ya miƙo min gudumar ya ce, "Malam hau ka ji da kunnenka, kada ka ce ni na faɗa." Na hau na buga, wallahi hannuna da kanshi ya ji bambancin.

Sai ya zagaya da ni gidan yana rarrabe min tsaga. Ya ce ba kowace tsaga ce abin tashin hankali ba, kankare dama ɗabi'arshi ce ya ɗan tsage. Waɗansu ƙanana da ke jikin filasta kamar saƙar gizo ya ce bushewa ce kawai, a bar su. Yana da wani ɗan kati mai layuka daga siriri zuwa mai kauri yana ɗorawa a kan tsagar yana gwada faɗinta, ya ce a ƙa'idar aikinsu tsaga ta wuce milimita 0.3 an fara sa mata ido don ruwa na samun hanya. Amma wadda ya fi tsoro ita ce mai bin tsawon rodi a miƙe, musamman in ta zo da jan tabo, wannan ko siririya ce ba daga waje ta fara ba, daga ciki anka turo ta. Irin tamu ke nan.

Daga nan ya nemi izini ya fasa wuri biyu da cizal. Abin da na gani a nan shi ne dalilin wanga rubutu. Rodin da ke ciki ya kumbura ya yi ɓawo-ɓawo, yaron ya sa farce yana ɓamɓarowa yana fita sala-sala kamar ƙanzon tukunya, ƙasa duk ta yi ja. Da anka goge da burushin ƙarfe har ƙarfen ya fito, injiniya ya ɗauko ɗan ma'auninshi mai baki kamar filaya ya matse rodin. Rodi mai kaurin milimita 12 ne asali, ya karanta 9 a wurin da ya fi ciwo. Na ce to ai da sauƙi kwata ne ya tafi. Ya girgiza kai ya ce ba haka ake lissafin ba, ƙarfin rodi yana ga faɗin bakinshi in ka yanke shi, ya rubuta a bango da alli, 12 sau 12 144, 9 sau 9 81, ya ce ka ga kusan kashi 44 cikin 100 na ƙarfen ya zama ƙasa. Jikina ya yi sanyi.

Bai tsaya nan ba, ya kama rodin da yatsu biyu ya girgiza, sai na ga yana motsi cikin raminshi, har can ciki inda ba a fasa ba garin tsatsa na zubowa. Ya ce wannan motsin ya fi ramewar tayar mishi da hankali. Yadda ya yi min bayani, kankare gwani ne wajen ɗaukar danni amma rago ne wajen ja, ƙarfinshi a ja bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinshi a danni ba, shi ya sa ake sa rodi a ƙasan dekin inda nauyi ke neman buɗe shi, rodin ya ɗauki jan. To amma rodi ba zai ɗauki komai ba sai in kankaren ya riƙe shi gam, kuma waɗannan gaɓoɓin da kake gani a jikin rodi ba ado ba ne, su ne haƙoran da yake cizon kankare da su. Tsatsa in ta zo gaɓoɓin take fara cinyewa, kuma ita tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinshi cin wuri, ninki biyu har zuwa shida, ba ta da inda za ta sai ta tura kankaren da ke kewaye har ya tsage. Ya ce abin mamaki a farko-farko 'yar tsatsa kaɗan har ƙara matse rodin take yi, amma da zarar ta fasa kankaren riƙon ya tafi, rodi na nan a ciki amma zaman kanshi yake yi. Ya ce, "Malam ka taɓa jan guga da igiya mai santsi? Igiyar ba ta tsinke ba amma gugan ya koma rijiya." A nan na gane. Kuma tsagar da tsatsa ta buɗe ita ce ƙofar da ƙarin ruwa da iska za su shiga su ƙara tsatsar, abu na ciyar da kanshi, shi ya sa shekarun farko shiru, na ƙarshe kuma sai ka ga kamar dare ɗaya.

Na tambaye shi to mi ya sa rodin wasu gidaje ke shekara 50 lafiya lau. Sai ya fiddo wata 'yar kwalba mai feshi da ruwa fari a ciki, ya ce sunanshi finolftalin, irin wanda ɗaliban kimiyya ke gwaji da shi a sakandare. Ya fesa a sabon wurin da anka fasa. Can ciki nan take ya koma ja mai haske kamar zoɓon da anka sirka, amma daga fatar waje zuwa wajen kaurin yatsa biyu ko gezau, fari fat, kuma rodin namu a cikin farin yake kwance. Ya ce sabon kankare yana da kaifi irin na ruwan toka ko kanwa, a ma'auninsu na pH yana kai 12.5 zuwa 13, wannan kaifin ne ke yi wa ƙarfe wata 'yar riga da ido ba ya gani ta hana shi tsatsa. Iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda hayaƙin mota da na girki ma ke ɗauke da ita, tana ratsa kankare a hankali shekara da shekaru tana kashe kaifin har ya sauko wajen 9, in ta iso inda rodi yake rigar ta tuɓe, saura ruwa da iska kawai ake jira. Inda ya yi ja yana da sauran kariya, inda ya tsaya fari babu. Gishiri ma yana yaga rigar ko da kaifin bai mutu ba, shi ne babbar matsalar gine-ginen bakin teku irin Legas. Inna da ke leƙe daga bakin ƙofa ta ce, "Ikon Allah, ashe gini ma ana yi mai gwajin asibiti."

Laifin farko a gidanmu ya ce tun ranar zubi anka yi shi. Ya kamata a ce akwai kankare mai kaurin milimita 20 zuwa 25 tsakanin rodin dekin da waje, fila da bim, wato gadar kankaren da ke kwance a kan filoli, fiye da haka, abin da ke cikin ƙasa kuma 50 ko sama. Namu ya auna ya samu 8, wani wurin ma rodin a kan katako anka shimfiɗa shi kai tsaye, filasta ce kawai ta rufe shi. Abin da ke hana haka ɗan ƙaramin abu ne da masu aiki ke ce wa biskit, ɗan guntun siminti da ake ɗaurawa a ƙarƙashin rodi ya ɗaga shi daga katako, da ragowar kwaɓi ma ana yinshi, kusan kyauta. Rashin wanga biskit shi ya ja muna kuɗin da ba zan manta ba. Sannan kankaren kanshi ya sha ruwa ranar kwaɓi, ya nuna min yadda yake marmashewa da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma a gefen bim inda ba a sa injin girgiza ba. Ya ce buhu ɗaya mai kilo 50 wajen lita 25 na ruwa ya ishe shi, amma lebura da ke hawa da kwanon sarki cikin ranar Sakkwato shi dai ya ga abu ya yi ruwa-ruwa yana zuba da sauƙi, duk ruwan da ya yi yawa kuma in ya bushe hanyoyi yake bari a ciki. Ga zafinmu na Maris zuwa Mayu da ke wuce digiri 40, ga iskar hunturu da ke busar da sabon zubi kafin ya kama, in ba a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7 ba fatar waje ba ta nuna, ita ce kuwa mai tsaron rodin. Na ce ko simintin ne ba kyau, ya ce a'a kada in ɗora wa siminti, ga kamfani nan a Kalambaina yana yi tun 1967 kuma gine-ginen da anka yi da shi da kyau suna nan tsaye, hannu ne matsalar.

Da munka hau sama kuma sai ga sauran labarin. Dekin ba shi da gangara, tsakiya ya ɗan lotsa, ga shatin inda ruwa ke kwanciya, indararo biyu sun toshe da ƙasa da leda, ƙarƙashin tanki kuma har gansakuka ta fito a garin da ake wata bakwai ba ruwa. Rodin da anka bari don bene duk sun yi ja, gindin kowanne kankare ya tsage ya yi tauraro, ruwa na bin jikinsu yana sauka cikin fila kamar lagwani. Ni da nake cewa ina Sakkwato ina tsatsa, ya ce ai ruwan Yuni zuwa Satumba da ke kwana a kan rufi ya jiƙa ya bushe ya sake jiƙa ya isa, balle an haɗa mishi da tanki mai ɗiga rani da damina. Ya ba ni labarin wani bene mai hawa 12 a jihar Fulorida ta Amurka da ya rufta a watan Yuni 2021 mutum 98 sunka rasu, kuma tun 2018 wani injiniya ya rubuta musu cewa ruwa na ratsa kankaren ga tsaga ga ɓallewa. Ya ce ba don ya tsorata ni ya faɗa ba, namu ƙaramin gini ne kuma an tare shi da sauran lokaci.

Munka ba su aikin. Abin da ya fara burge ni, kafin a taɓa komai sai da sunka sauke ruwan tankin sunka tokare rufin da turakun ƙarfe masu ɗauri, layi-layi, ya ce ba ya yarda a fasa gefen rodi alhali nauyi na kanshi. Sunka sassaƙe duk inda alli ya zagaye, kuma ba fuskar rodin kawai sunka buɗe ba, sai da sunka shiga bayanshi har yatsa na zagayawa, sunka bi shi tsawo har inda ƙarfe mai lafiya ya fara sannan sunka ƙara gaba kaɗan. Na ce Injiniya wanga fasa ba ta yi yawa ba? Ya ce in ka yi faci daidai kan ciwo ka bar na gefe, sabon faci na da kaifi tsohon gefe babu, sai tsatsar ta koma gefen facin ta ci da sauri, shekara kaɗan ka ga tsaga ta zagaye gyaran. Na tuna aikin birkilolinmu biyu na yi shiru.

Wajen sayen rodi tare munka je, kuma wannan darasi ne na daban. Bai tsaya ga abin da mai shago ya faɗa ba, ya sa ma'auninshi, wani da anka ce mai 12 ne bai cika ba munka wuce gaba. Ya ce in kana shakka ka ɗora a sikeli, cikakken rodi mai 12 mai tsawon mita 12 yana yin wajen kilo 10.6, mai 16 kuma kusan kilo 19, in ya gaza sosai to ko tsawo ko kauri an rage. Ya kuma ce 'yar jar ƙura da ke jikin sabon rodi ba komai ba ce burushi na fidda ta, wanda za ka guda shi ne mai ɓawo ko mai ramuka, da wanda mai ko laka ta shafa don kankare ba zai kama shi ba. Duk inda tsohon rodi ya rame sosai sun kwantar da sabo a gefenshi, sunka bar haɗin ya wuce wurin ciwon ta kowane ɓangare da kusan santimita 60, wato kaurin rodin sau 50, don ya ce haɗin da bai kai ba kamar babu ne. Sunka goge tsofaffin har sunka yi haske, sunka shafa musu wani fenti mai ruwan toka na hana tsatsa, sunka jiƙa tsohon kankaren sunka shafa wani farin ruwa kamar madara mai haɗa tsoho da sabo, sannan sunka cike da simintin gyara na musamman da ke zuwa a buhunshi, hawa-hawa ba lokaci ɗaya ba. Bim ɗaya da ya fi lalacewa katako sunka kafa mishi anka yi sabon zubi da ƙananan tsakuwa. Yashin ma sai da ya zuba a gora da ruwa ya girgiza ya ajiye, laka ta kwanta a sama da kauri, ya mayar da tifar farko, direban har da faɗa. Bayan zubi buhunan algarara irin na albasa sunka jiƙa sunka lulluɓe, ya ɗora wa ƙanena aikin ba su ruwa safe da rana da marece, turakun kuma bai yarda an cire ba sai da anka kusa cika kwana 28.

A sama sun yi sabuwar shimfiɗa mai gangara zuwa indararo, sunka ƙara indararo biyu, sunka manna baƙar shimfiɗar hana yoyo da wuta har ta hau jikin bango kaɗan, tankin kuma anka sauke shi zuwa kan ƙarfenshi daban a tsakar gida. Inda munka ja da shi shi ne rodin bene. Ya ce a yanke su a rufe kan filolin, ƙannena mata da maza sunka ce ai wannan burin Baba ne. Ya ce da mu a gaban kowa, cikin ladabi amma bai lanƙwasa ba, waɗannan rodin ba za su ɗauki bene ba, kuma shi ba zai sa hannu a ɗora ko ɗaki ɗaya a kan wanga dekin ba sai an tona an duba tushe an yi lissafi sabo. Ya yi muna ciwo amma na ji daɗin da bai faɗa muna abin da muke son ji ba don ya samu aikin benen. An yanke.

Yanzu ƙorafina, don akwai. Na ɗaya lokaci, an ce mako uku za a gama sassaƙa da cikewa, sai da anka yi kusan shida, akwai satin da kwana huɗu ba wanda ya leƙo, waya ba a ɗauka, ga gida a tokare ga tsohuwa a takure a ɗakin suruka, wanda duk Bahaushe ya san nauyin haka. Na biyu kuɗi, abin da munka kashe ya haura kiyasin farko da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na yarda ba a sanin zurfin ciwo sai an buɗe, amma da tun farko ya ce min ka ajiye ƙari a gefe da ban shiga neman rance a tsakiyar aiki ba. Na uku ba kullum yake tsayawa ba, kuma ranar da ba ya nan yaran na sassautawa, ni da kaina na kama ɗaya yana ƙara ruwa a simintin gyara da ya fara daskarewa don kada a ce ya yi asara, na kira injiniya ya sa anka zubar, amma da ban nan fa? Ƙura ma ba su kare ta ba, ko leda ba su rataya a ƙofa ba sai da matata ta yi magana. Sannan rahoto a rubuce da ya yi alkawari, mai ɗauke da abin da anka gani da abin da anka yi, sai da na yi ta bi kafin ya fito, alhali ina buƙatarshi don in nuna wa 'yan'uwa da sunka haɗa kuɗi. Na so kuma a gwada ruwan rijiyarmu da guntun kankaren ko akwai gishiri, ya ce a ganinshi ba sai an yi ba tunda dalili ya bayyana, ni dai da an yi da hankalina ya fi kwanciya.

Duk da haka in a cikin biyar ne ina ba su huɗu, kuma in ɗan'uwana ya tambaye ni zan ce ya kira shi, amma ya rubuta yarjejeniya da ranakun aiki, ya biya kashi-kashi, ya kuma sa nashi mutum ya zauna a wurin. Wanda tsagar filasta kawai ke damu ba sai ya kashe wanga kuɗi ba. Amma mai jan tabo a rufi, ko tsaga mai bin rodi, ko fila da gindinta ya fara ɓallewa kusa da bayi ko wurin wanki, ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa yau, in ya ji fom ya fidda mutane daga ɗakin tukuna kafin ya fara neman mai gyara.

Daminar bana duk ruwan da anka yi da dare sai na tashi da fitila na je na haska rufin, ko ɗigo babu, ko tabo. Bayan kowane ruwa ƙanena na hawa ya share bakin indararo, cikin rabin awa saman ya tsane. Saura ɓangaren kicin, can akwai tsaga ɗaya da injiniya ya ce ba ta kai a fasa ba tukuna, ya ɗana mata ɗan siminti a kai ya rubuta kwanan wata a gefe ya ce in ɗan simintin ya rabe in kira shi, har yanzu bai rabe ba, ina dubawa duk Juma'a. Inna ta koma ɗakinta tun kafin azumi, sai dai dardumar ta canza mata wuri, ta mayar da ita kusa da ƙofa.